Yadda ake tantance yara masu buƙata ta musamman a Ingila, da abin da ke kai iyaye kotu

A Ingila akwai wata takarda da iyayen yara masu buƙata ta musamman ke shafe watanni, wasu ma shekaru, suna fafutukar samu. Ana kiran ta EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawa na yaro guda. Duk abin da aka rubuta a cikinta na taimakon karatu ya zama wajibi a kan ƙaramar hukuma. Idan takardar ta ce a bai wa yaro mai koya masa magana sau biyu a mako, to doka ce, kuma rashin kuɗi ba hujja ba ne.

Kafin a kai ga takardar sai an tantance yaron. Doka ta ce daga ranar da aka shigar da buƙata zuwa ranar da za a miƙa wa iyaye takardar ƙarshe kada ya wuce mako 20. A shekarar 2023 rabin takardun kawai aka kammala cikin wannan wa'adi. A 2024 adadin ma bai kai rabi ba.

Masu riƙe da takardar kuwa sai ƙaruwa suke. A watan Janairun 2015 kimanin yara da matasa 240,000 ne. Zuwa Janairun 2024 sun kai 576,000. Wannan tsari na Ingila ne kaɗai, domin Sikotilan da Wels da Ailan ta Arewa kowacce da nata.

Daga laƙabi zuwa buƙata

Bayan dokar ilimi ta 1944, hukumomi sun riƙa kasa yara masu larura gida goma sha ɗaya. Akwai makafi, akwai kurame, akwai masu farfaɗiya, akwai kuma rukunin da ake kira masu ƙarancin basira. Gidan da aka jefa yaro shi ke nuna makarantar da za a kai shi. Wasu yaran ma an yanke cewa ba za su iya koyon komai ba, sai aka bar su a hannun hukumomin lafiya. Sai da aka yi dokar 1970 sannan aka amince cewa kowane yaro yana da haƙƙin shiga makaranta.

A 1973 Margaret Thatcher, wadda a lokacin take ministar ilimi, ta sanar da kafa kwamitin da zai duba lamarin, aka ɗora masaniyar falsafa Mary Warnock a kan shugabancinsa. Rahoton da kwamitin ya fitar a 1978 ya sauya tambayar baki ɗaya. Maimakon a tambayi abin da ke damun yaro, sai a tambayi abin da yake buƙata domin ya koya. Rahoton ya yi kiyasin cewa kusan yaro ɗaya cikin biyar zai buƙaci wani taimako na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta.

Kiyasin bai yi nisa da gaskiya ba. A Janairun 2024 kashi 13.6 cikin 100 na ɗaliban Ingila suna samun ƙarin taimako daga makarantunsu, wasu kashi 4.8 kuma suna da takardar EHCP.

Dokar 1981 ce ta fara kawo takardar da ke ɗaure hukuma, sannan Dokar Yara da Iyalai ta 2014 ta maye gurbinta da EHCP, wadda ta haɗa ilimi da lafiya da walwala wuri guda, daga haihuwa har zuwa shekara 25.

A aji ake farawa

Yawancin yara ba sa kai wa ga ƙaramar hukuma. Wasu larurorin tun suna jarirai ake gano su, domin ana gwada jin duk jaririn da aka haifa cikin makonnin farko, ana kuma duba girma da maganar yaro idan ya shekara biyu zuwa biyu da rabi. A ƙarshen aji ɗaya na firamare akwai gwajin haɗa baƙi mai kalmomi 40. Rabinsu kalmomin ƙirƙira ne marasa ma'ana, don a bambance yaron da ya iya haɗa haruffa da wanda haddace siffar kalma kawai ya yi.

Idan malamin aji ya ga yaro ya tsaya cak alhali tsaransa na gaba, sai ya kai maganar ga wani malami da doka ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta ajiye, mai kula da harkokin yara masu buƙata ta musamman. Shi da iyaye za su zauna su duba matsalar, su tsara abin da za a gwada, a gwada na wani zango, sannan a sake zama a ga ko ya yi amfani. Ana iya sa yaron cikin ƙaramin rukunin karatu, ko a matso da shi gaban allo, ko a ba shi ɗan hutu idan hayaniya ta yi masa yawa.

Buƙatun an kasa su huɗu: magana da mu'amala, fahimta da koyo, halayya da lafiyar ƙwaƙwalwa, sai larurar ji ko gani ko gaɓoɓi. Yaro guda na iya faɗawa cikin biyu ko uku.

A wannan mataki makaranta ce ke biya. Ana sa ran ta kashe har fam 6,000 a shekara a kan ƙarin taimakon yaro guda daga kasafinta kafin ta nemi ƙari. Tun 2013 aka yanke wannan adadi, kuma ya shafe sama da shekara goma ba a taɓa shi ba.

Mako shida na farko

Idan abin da makaranta ke yi bai wadatar ba, ita ko iyaye na iya rubuta wa ƙaramar hukuma a nemi cikakkiyar tantancewa. Matashi mai shekara 16 zuwa 25 na iya nema da kansa. Ba a biyan ko kwabo, kuma iyaye ba sa buƙatar izinin makaranta.

Hukumar tana da mako shida ta ce e ko a'a. Ma'aunin da sashe na 36 na dokar ya gindaya ba mai tsauri ba ne. Tambayoyi biyu ne: shin yaron yana da buƙata ta musamman ko mai yiwuwa yana da ita, kuma shin mai yiwuwa ne sai da takardar za a iya biya masa ita? Kalmar "mai yiwuwa" ita ce ginshiƙi. Ba a nemi iyaye su tabbatar da komai ba tukuna, tunda aikin tantancewar ke nan.

Duk da haka a nan gizo ke saƙar. Kusan buƙata ɗaya cikin huɗu a wannan ƙofar ake mayar da ita. Waɗanda suka tsallake aka tantance su kuwa, fiye da tara cikin goma suna samun takardar. Ke nan hukuncin da ya fi nauyi a duk tafiyar ana yanke shi ne a kan takardu, kafin wani ƙwararre na hukumar ya sa yaron a ido.

Ƙungiyar IPSEA, wadda ke bai wa iyaye shawarar shari'a kyauta, ta daɗe tana kokawa kan sharuɗɗan da wasu hukumomi ke ƙarawa da kansu. Wata ta ce sai yaro ya koma baya da shekara biyu, wata ta ce sai makaranta ta nuna ta kashe fam 6,000, wata kuma ta ce sai an kawo takardar likita. Babu ko ɗaya daga cikinsu a dokar.

Maganar takardar likita tana da muhimmanci, domin larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga, ita ce kan gaba a tsakanin ɗalibai masu EHCP, kusan ɗaya cikin uku. A 2024 mutanen da ke jiran gwajin otizim a asibitocin hukumar lafiya ta NHS a Ingila sun haura 200,000. Da sai an jira likita ya sa wa larurar suna, da yaro ya gama firamare yana layi. Doka ba ta nemi suna ba, buƙata ta nema.

Abin da ƙwararru ke dubawa

Da zarar hukuma ta amince, dole ta nemi bayani daga iyaye da yaron kansa, da makaranta, da likita, da jami'an walwala, da kuma masanin halayyar koyon yara. Idan yaron kurma ne ko makaho, sai an ji daga malamin da ya ƙware a wannan fannin. Iyaye na iya roƙon a ƙara da mai gyaran magana ko mai horar da gaɓoɓi. Kowannensu yana da mako shida ya kawo rahoto.

Rahoton masanin halayyar koyo shi ya fi tasiri. Yawanci yakan fara ne da zama a bayan aji yana kallo. A ɗauki misalin yarinya 'yar shekara takwas da malamai ke cewa ba ta mayar da hankali. Masanin zai lura da abin da take yi idan malama ta ba da umarni uku a jere. Tana yin na farko ta tsaya? Tana leƙen littafin ta kusa da ita kafin ta fara? A filin wasa tana cikin yara ko tana gefe ita kaɗai? Abin da malama mai yara 30 ke gani a matsayin taurin kai, wani lokaci yarinyar ta manta umarni na biyu ne tun kafin a gama faɗin na uku.

Daga nan sai su keɓe. Akwai gwaje-gwajen da aka daidaita a kan dubban yara, irin su WISC, waɗanda ke auna ɓangarori daban-daban na tunani. Za a ba ta 'yan tubala masu launin ja da fari ta jera su daidai da hoto. Za a karanto mata lambobi ta maimaita, sannan ta maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Za a tambaye ta abin da ya haɗa abubuwa biyu, a kuma ba ta aikin kwafar alamomi ana duba agogo. Makin tsaka-tsaki 100 ne.

Ƙwararren da ya san aikinsa ba jimillar maki yake nema ba. Yana neman inda aka sami tazara. Yarinyar da ta yi fice a jera tubala da fahimtar zance amma ta kasa riƙe lambobi huɗu a ka, ba daƙiƙiya ba ce. Abin da take buƙata shi ne a gutsura mata umarni ɗaya bayan ɗaya, a kuma rubuta mata a gabanta. Yaron da ke ba da labari tiryan-tiryan da baki amma haruffa ke rikice masa a takarda, wataƙila disleksiya ce, wato larurar wahalar karatu, kuma maganinta daban ne. Jimilla guda za ta iya haɗe waɗannan yara biyu a maki ɗaya, ta ɓoye duk abin da malami ke buƙatar sani.

Iyaye ma shaidu ne, kuma sau da yawa su ke riƙe da rabin labarin. Akwai yaran da ke danne damuwarsu tun safe har a tashi, makaranta ta ce lafiya lau suke, sai sun iso gida su fashe da kuka da jifa. Akwai wanda ba ya barci, akwai wanda kowace safiya sai an yi dambe kafin ya sa kayan makaranta. Idan uwa ba ta faɗa ba, babu inda zai fito a rahoto.

Matsalar ita ce masanan ba su da yawa. Horonsu digirin digirgir ne na shekara uku, kuma ƙananan hukumomi da dama sun ce ƙarancinsu ne babban abin da ke sa wa'adin mako 20 ke wucewa. Masu hali sukan ɗauki nasu masanin, rahoto guda ya lashe ɗaruruwan fam, wani lokaci ya haura dubu.

Yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne

Gwaji na iya yin kuskure, kuma Ingila ta taɓa ganin hakan. A shekarun 1960 da 1970 an tura 'ya'yan baƙaƙen fata 'yan asalin yankin Karibiyan masu ɗimbin yawa makarantun masu ƙarancin basira, bisa gwaje-gwajen da ke cike da kalmomi da al'adun da yaran ba su taso da su ba. A 1971 wani malami ɗan ƙasar Girenada da ke koyarwa a Landan, Bernard Coard, ya fitar da ɗan littafin da ya fallasa lamarin. Iyaye suka tashi tsaye, suka buɗe makarantun Asabar na kansu. Da yawa daga cikin yaran sun girma ba su sami takardar shaidar komai ba.

Dokar 2014 ta faɗa ƙarara cewa ba za a ce yaro yana da matsalar koyo ba don kawai harshen da ake koyar da shi ya bambanta da na gidansu. Wannan ya shafi iyalan Najeriya da Ghana da suka koma Birtaniya karatu ko aikin jinya a 'yan shekarun nan, ciki har da gidajen da Hausa ake yi.

Kuskuren na iya zuwa ta fuska biyu. Ana iya ɗaukar yaro mai lafiya a matsayin mai larura saboda bai gane tambayar ba. Ana kuma iya barin mai larura ta gaske shekara da shekaru ana cewa Turanci ne bai zauna masa ba. Hanyar rarrabewa ita ce a binciki yadda yake a harshen gida. Idan yaro ɗan shekara biyar yana zuba Hausa da kakarsa a waya, yana ba da labari yana tsokana, to matsalarsa a aji ta sabon harshe ce. Idan a Hausar ma kalmominsa ba su fi a ƙirga ba, akwai abin dubawa. Saboda haka ake so a yi aiki da tafinta, kuma masu gyaran magana ba sa shawartar iyaye su daina yi wa yaro harshensu.

Wasu iyayen kan ƙi amincewa da tantancewar don gudun a ce ɗansu yana da taɓin hankali, ko labari ya kai gida. Tsoron yana da tushe idan aka tuna abin da ya faru a baya. Sai dai a tsarin yanzu takardar ba ta tilasta kai yaro makaranta ta musamman. Iyaye ke faɗin makarantar da suke so, kuma yara masu EHCP da yawa suna makarantun kowa da kowa.

Kalmomin da ke cikin sashen F

Idan hukuma ta ga babu buƙatar takardar, dole ta sanar kafin mako 16. Idan ta amince, sai ta aiko da daftari, iyaye su sami kwana 15 su yi gyara su kuma ambaci makaranta.

Takardar tana da sassa daga A zuwa K, amma uku ake faɗa a kansu. Sashen B na lissafa buƙatun yaron, sashen F na faɗin taimakon da za a ba shi, sashen I kuma sunan makaranta. Ƙa'ida ita ce kowace buƙata a B ta sami amsarta a F, kuma a fayyace: wane ne zai yi, sau nawa, minti nawa, da wace ƙwarewa.

Jimlar da ta ce yaro zai riƙa samun damar ganin mai gyaran magana a kai a kai ba ta ɗaure kowa ba, domin sau ɗaya a zango ma a kai a kai ne. Wadda ta ce minti 30 sau biyu a mako tare da ƙwararre ita ce ake iya kai wa gaban alƙali. Iyayen da suka san wannan sukan bi daftarin layi-layi da biro. Waɗanda ba su sani ba sukan sa hannu da murna, sai daga baya su gane takardar ba ta da haƙori.

Mai awo shi ne mai biya

Ƙaramar hukumar da ke tantance yaro ita ce kuma za ta biya kuɗin duk abin da tantancewar ta gano. Tun a 2006 kwamitin ilimi na Majalisar Dokokin Birtaniya ya ce a raba waɗannan ayyuka biyu. Ba a raba ba.

Su ma hukumomin suna da nasu kukan. Rahoton Ofishin Binciken Kuɗin Gwamnati na watan Oktoban 2024 ya nuna kasafin wannan fanni ya kai fam biliyan 10.7 a shekara, amma bai kamo yawan masu buƙata ba. Makarantun musamman na gwamnati sun cika, sai a koma ga masu zaman kansu, inda gurbi guda ke cin kimanin fam 61,500 a shekara, alhali a na gwamnati kimanin 23,900 ne. Tun 2020 gwamnati ta bai wa hukumomin damar ajiye wannan giɓi a gefe, ba a cikin lissafinsu na yau da kullum ba, don kada da yawansu su durƙushe. Ofishin ya ce tsarin ba zai ɗore a haka ba, kuma duk da kuɗin da ake zubawa sakamakon yaran bai inganta ba.

Iyayen da ba su gamsu ba suna da wata biyu su ɗaukaka ƙara zuwa wata kotu ta musamman, bayan sun tuntuɓi mai sasanci. Shigar da ƙara kyauta ne, kuma alƙali na zama ne tare da ƙwararre a fannin. A shekarar 2022 zuwa 2023 an shigar da ƙararraki sama da 13,000, a shekarar da ta biyo baya suka kai kimanin 21,000. Cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, kashi 98 zuwa 99 cikin 100 iyaye ne suka yi nasara, ko dai gaba ɗaya ko a wani ɓangare.

Hukumomi na cewa adadin na yaudara ne, tunda ko sashe guda aka gyara ana lissafa shi nasarar iyaye. Akwai gaskiya a ciki, amma da wuya a kare tsarin da kusan duk hukuncinsa da ya je gaban alƙali sai an taɓa shi. Kuma masu zuwa kotun 'yan kaɗan ne. Sai mai lokaci, mai Turancin rubuta hujja, mai juriyar jiran zaman da kan kai kusan shekara. Uwar da ke aikin dare a gidan kula da tsofaffi, idan wasiƙar ƙi ta iso, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, ko da yake kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ba da shawara kyauta mai suna SENDIASS da doka ta wajabta.

Gwamnatin jam'iyyar Leba da ta hau mulki a 2024 ta ce za ta yi wa tsarin garambawul, ta yadda yara za su sami taimako da wuri a makarantun kowa da kowa ba tare da jiran takarda ba. Ƙungiyoyin iyaye ba su ƙi wannan ba, amma suna fargabar a rage masu samun takardar kafin taimakon ya iso. Mutum sama da 100,000 suka sa hannu a takardar koken neman a bar haƙƙin tantancewa yadda yake, majalisa ta yi muhawara a kai a watan Satumban 2025. A cikin watan ne kuma kwamitin ilimi na majalisar ya ba da shawarar a bar EHCP, sannan taimakon da makarantu ke bayarwa tun daga aji shi ma a mayar da shi wajibi a doka.